Akwatinmu Na Da Kwaɗo Uku, Sirrinmu Fa?

   

Wannan karon ba maganar riba muka zo da ita ba, ko ta rabon ƙarshen shekara. Maganar wani ciwo ce da ba ya sa zazzaɓi, ba ya fid da jini, amma yana kwantar da mace kamar yadda masassara ke kwantar da ita. Mutanen likita suna ce masa ciwon damuwa. Mu nan sai mu ce tunani ya yi mata yawa, ko a ce, "Wance dai kwana biyu ba ta nan daidai."

Shekarun da muka yi muna zubi sun nuna mana cewa littafin ƙungiya yakan riga baki faɗin wannan ciwo. Mace ce da ba ta taɓa fashi ba, sai ga shi ta yi fashi sau biyu a jere. Wadda ke riga kowa shimfiɗa tabarma ta koma zuwa a makare, ta biya tara ba gardama, ta zauna can gefe. Mai ƙuli-ƙulin da yara ke cika ƙofar gidanta ta bar suya, alhali gyaɗa ba ta yi tsada ba. Wata ta nemi bashin jika goma, aka tambaye ta sana'ar da za ta juya shi, ta sunkuyar da kai. A gida kuwa barci ya ƙaurace mata, abinci ba ya shiga, kai na ciwo, gaba na faɗuwa, an sha ƙwayoyi iri-iri ba sauƙi.

Kalmar da ta fi saurin fitowa daga bakin kowa a irin wannan hali ita ce haƙuri. Haƙuri abu ne mai daraja, da shi iyayenmu suka riƙe gidaje cikin fari da yunwa. Sai dai akwai lokacin faɗinsa. In aka ce wa mace "ki yi haƙuri" tun ba ta kai tsakiyar zancenta ba, abin da kunnenta ke ji shi ne "ya isa haka nan". Sai ta haɗiye sauran, ta koma gida da kayanta yadda ta zo da su. Wani lokaci ma a ƙara mata da cewa ƙarancin tawakkali ne. Malamanmu kuwa sun karantar da mu cewa shekarar da Nana Khadija da Abu Ɗalib suka rasu, shekarar baƙin ciki ake kiranta a tarihin Manzon Allah (SAW). Annabi Yaƙubu ma ya yi kukan rabuwa da ɗansa har ganinsa ya tafi. Ashe baƙin ciki na kama mai imani. Addu'a da neman magani kuwa ba kishiyoyi ba ne, ɗaki ɗaya suke kwana.

Magana ma magani ce

A ƙasashen da ke da wadatar ma'aikatan lafiya, akwai mutanen da aikinsu ke nan: masana halayyar ɗan Adam da suka yi karatun jinyar zuciya ta hanyar zama da magana. Mutum yakan je wurinsu sau ɗaya a mako, kusan awa guda, na tsawon wasu makonni. Suna ganin matasa, suna ganin manya, suna ganin miji da mata tare. Ba wa'azi suke yi ba, ba kuma hukunci suke yankewa ba. Suna saurare har mutum ya gama, su yi masa tambayoyin da za su sa ya ga damuwarsa ɗaya bayan ɗaya, maimakon dunƙulen duhun da yake gani, sannan su taimaka masa ya zaɓi ƙaramin matakin da zai iya ɗauka kafin zama na gaba. Sharaɗin farko na aikinsu shi ne abin da aka faɗa a ɗakin, a ɗakin yake tsayawa.

A Nijar irin waɗannan ƙwararru ba su da yawa, kuma galibinsu suna Yamai, inda babbar likita ta ƙasa ke da sashen masu ciwon ƙwaƙwalwa da aka sani da Pavillon E. Macen da ke kokawa da zubin dala hamsin a mako, ina ta ga kuɗin motar Yamai? To wannan matsala ba tamu ba ce mu kaɗai, kuma wasu sun samo mata dubara.

A ƙasar Zimbabwe akwai wani likitan ƙwaƙwalwa, Dakta Dixon Chibanda. Wata matashiya da yake dubawa ta hallaka kanta a ƙauyensu, kuma da ya bincika sai ya tarar rashin kuɗin mota ne ya hana ta dawowa wurinsa a birnin Harare. Abin ya tsaya masa a rai. A 2006 ya fara aiki da tsofaffin mata 14 a wata unguwar talakawa mai suna Mbare. Aka koyar da kakannin nan yadda ake saurare da yadda ake taimaka wa mutum ya warware matsalarsa da kansa, aka ajiye musu bencin katako a harabar likita. Duk mai damuwa zai zo ya zauna da kaka har sau shida. A harshensu na Shona, sunan ciwon ma kufungisisa, wato yawan tunani, daidai yadda muke faɗi. Da aka auna aikin a ɗakunan shan magani 24 na Harare, sakamakon da aka fitar a 2016 ya nuna cewa bayan wata shida, cikin waɗanda suka zauna da kakanni kusan 14 cikin 100 ne ke da sauran alamun ciwon, alhali cikin waɗanda suka samu kulawar da aka saba kusan rabi ne. Bayan zaman benci kuma, sai su shiga ƙungiya suna saƙa jakunkuna da tsofaffin ledoji suna sayarwa, suna hira.

A Yuganda ma an gwada a ƙauyuka: mata daban, maza daban, suna haɗuwa sau ɗaya a mako har mako 16, tare da jagora ɗan yankin da aka horar. Sakamakon da aka fitar a 2003 ya nuna ciwon ya ragu ƙwarai ga waɗanda suka shiga.

Da muka ji waɗannan labarai, sai muka dubi kanmu. Haɗuwa sau ɗaya a mako, cikin mata da suka san juna, da doka da shugabanci, ai mu ne. Tsarin Mata Masu Dubara a nan jihar Maraɗi aka haife shi a 1991, da tallafin ƙungiyar CARE, kafin ya bazu zuwa ƙasashe da dama. Tabarma muna da ita, kakanni muna da su. Abu biyu ne ke buƙatar gyara: iya saurare, da iya riƙe sirri.

Ku duba yadda muke tsaron kuɗi. Akwati da kwaɗo uku, makullai a hannun mata uku, ba a buɗewa sai gaban kowa, dala ɗaya ba ta ɓata ba a nemi ba'asi ba. Amma mace ta faɗi abin da ke tsakaninta da mijinta ranar taro, kafin jibi an ji shi a bakin rijiya. Wace ce za ta sake buɗe baki? Hausawa sun ce ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba.

Yadda zama ɗaya ya kasance

Akwai wata ƴar'uwarmu, ba za mu faɗi abin da zai sa a gane ta ba, kuma da yardarta muke ba da labarin. Maigidanta ya tafi ci-rani arewa, wata da watanni ba aike ba waya. Ga yara, ga uwar miji, ga bashin ƙungiya ya kusa cika. Ta rame, ta bar zuwa taro. Wata dattijuwa daga cikinmu ta je gidanta da hantsi, lokacin da gida ya yi shiru, ta zauna tana taya ta ɓarar gyaɗa.

"Ɗiyata, mi ke damunki?"

"Ba komi, Inna."

Dattijuwar ba ta matsa ba, ta ci gaba da ɓara. Can sai ta ce, "Barci fa, kina samu?"

Nan ne kuka ya zo. Ta bar ta ta yi kukanta, ba ta ce ta bari ba. Da ta natsu, ta zayyana komai, har abin da ba ta taɓa faɗa wa mahaifiyarta ba. Dattijuwar ta ce, "Na ji. Kayan nan da yawa, ba a ɗauke su rana ɗaya. Cikin su duka, wanne ne in an sauke miki shi za ki iya numfashi?"

Ta yi shiru, sannan ta ce bashin. Tsoron a kira sunanta gaban mata ne ke hana ta barci, fiye da shirun mijin ma. Da a ce mu aka bari mu zaɓa mata, da mijin za mu ce. Mai ɗaki shi ya san inda yake yoyo. Suka zauna suka lissafa hanyoyi, ita da bakinta ta zaɓi ta nemi a raba mata biyan kashi-kashi, kuma ta koma suya ko da tiya ɗaya ce. Dattijuwar ta ce za ta dawo ranar kasuwa ta ji yadda aka yi, kuma ta dawo. Mijin bai dawo a wannan watan ba, talauci bai tafi ba, amma barci ya dawo, ita ma ta dawo tabarma.

Abin da muka tsinta a nan shi ne tsarin: a saurara har ƙarshe, a bar mai kaya ta zaɓi wanda za a fara saukewa, a tsai da ƙaramin mataki, a koma a duba. Kakannin Harare ma kusan haka aka koya musu.

Ƴan mata da samari

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce cikin yara bakwai masu shekara 10 zuwa 19, ɗaya na fama da wata matsala ta lafiyar ƙwaƙwalwa. Yaro ba ya cewa "ina cikin damuwa". Sai dai ki ga ya koma faɗa, ko ya bar lakwal, ko ya shige ɗaki ba ya son kowa. Saurayin da ya je neman zinariya Jado ko ci-rani Nijeriya ya dawo hannu wofi, kunya na cinsa, sai abokai su miƙa masa tramol. Yarinyar da aka kai ɗaki tana ƙarama, a ƙasar da kusan mata uku cikin huɗu ke aure kafin shekara 18, tana iya kwana tana kuka a garin da ba ta san kowa ba, a ce ƙuruciya ce.

Al'adarmu ta sa kunya tsakanin uwa da ɗiya, balle ɗiyar fari. Amma al'adar nan dai ta buɗe wata ƙofa: kaka abokiyar wasa ce, gwaggo ma ana iya gaya mata abin da ba a iya gaya wa inna. Don haka duk yarinyar da ke gidajenmu, ya kamata a san wace babba ce take sakin jiki da ita, a bar musu hanya. Ita kuma babbar, in yarinya ta gaya mata abu, kada ta mayar da shi abin gori ko ta kai shi tsakar gida. In an ci amanar yarinya sau ɗaya, an rufe bakinta shekaru.

Mai jego

Muna kula da jikin mai jego: ruwan wanka, kunun kanwa, nama in da hali. Zuciyarta fa? Kuka da rashin sukuni na ƴan kwanakin farko abu ne da yawancin mata ke yi, yakan wuce da kansa. Amma in ya zarce mako biyu, ba ta jin daɗin komai, tana ganin ba ta iya riƙon jaririn ba, ko ba ta son a miƙo mata shi, wannan ciwo ne mai suna, kuma yana da magani. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a ƙasashe masu tasowa kusan mace ɗaya cikin biyar na samun irin wannan matsala bayan haihuwa. A ƙauyukan Pakistan an horar da mata masu aikin lafiya gida-gida su riƙa zama da masu ciki da masu jego suna irin wannan hira, kuma sakamakon 2008 ya nuna sauƙi babba. Idan mun je barka, bayan "ina ɗan baƙo?" mu ƙara da "ke fa, yaya zuciyarki?" a lokacin da ɗaki ba kowa.

Miji da mata

Zo mu zauna, zo mu saɓa. Muna da hanyoyinmu na sulhu: yaji da biko, waliyyai, liman, mai gari. Alƙur'ani ma, a Suratun Nisa'i aya ta 35, ya yi umarni a samo mai sulhu daga dangin miji da mai sulhu daga dangin mata. Inda zaman ƙwararru ya bambanta da abin da aka fi gani shi ne, ba neman mai laifi ake yi ba. Kowa na samun lokacinsa ba a katse shi, sannan a ce wa ɗayan ya maimaita abin da ya ji, don a tabbata ya ji ɗin. Ana ɗaukar magana ɗaya a zama ɗaya: yau kuɗin cefane, wani zaman rabon kwana, wani zaman maganar uwar miji. Sulhun da aka gama cikin minti goma da "ke ki yi haƙuri, kai ka ji tsoron Allah" yakan mayar da mace ɗaki, amma bayan wata biyu sai a sake ganin ta da ƙunshin kaya.

Maza ma suna da tasu damuwar. Namijin da rumbunsa ya ƙare tun kafin bazara, ba shi da wanda zai gaya wa, sau da yawa fushi ne ke fitowa a madadin kuka. Wannan ba uzuri ba ne, amma sanin haka na taimaka wa mai sulhu. A jihar Damagaram aka fara makarantun mazan aure da tallafin UNFPA, inda maza ke zama suna tattauna lafiyar iyalansu, kuma tsarin ya bazu zuwa wasu jihohi. Ashe maza ma suna magana in an shimfiɗa musu tasu tabarmar.

Sai dai a kula: inda akwai duka, ko barazana da makami, ba zaman "kowa ya faɗi nasa" ake fara yi ba. Tsira da lafiyar mace da ta yara ita ce gaba da komai. A kai ta inda za ta kwana cikin aminci, a kai ta likita in da rauni, a sanar da waliyyanta da hukuma.

Inda hannunmu ya tsaya

Mu ba likitoci ba ne, kuma sanin iyaka na cikin aikin. Akwai alamun da in an gan su, ba a tsayawa hira:

Mutum ya ce gara ya mutu, ko ya fara sallama da rabon kayansa. Kada a ɗauka wasa ne ko neman a kula shi. A tambaye shi kai tsaye, tambayar ba ta sa mutum aikatawa. Kada a bar shi shi kaɗai, a kawar da maganin ƙwari na gona da duk abin cutarwa, a kai shi likita a ranar.

Mutum yana jin muryoyi, ko yana ganin abin da ba kowa ke gani ba, ko ya kwana da kwanaki ba barci yana ta magana. Mai jegon da ta rikice haka, gaggawa ce, ita da jaririn duka.

Mai faɗuwa yana kakkafewa. Farfaɗiya ciwon ƙwaƙwalwa ce da ke da magani, kuma ba a ɗaukarta ta hanyar taɓawa ko yawu.

Hanya ita ce a fara da CSI mafi kusa, daga nan su tura likitar gunduma a Dakoro, in ta kama a wuce Maraɗi. A ci gaba da addu'a a gida, amma kada a ɗaure mutum a turu ko a doke shi da sunan magani. Wanda aka ba ƙwayoyi kuma, kada ya bari don ya ji sauƙi sai da izinin wanda ya rubuta masa.

Abin da muka tsayar a ƙungiyarmu

Na farko, mun sa dokar sirri cikin dokokin ƙungiya. Wadda ta fitar da maganar ƴar'uwa, tararta ta fi ta makara nesa, in ta maimaita kuma taro ne zai duba zamanta cikinmu.

Na biyu, mun zaɓi mata biyu, dattijuwa ɗaya da matsakaiciya ɗaya, waɗanda kowa ya shaida bakinsu na da nauyi. Duk wadda ta yi fashi sau biyu a jere ba dalili, ɗaya daga cikinsu za ta je gidanta. Gaisuwa ce za ta kai ta, ba a tura ta karɓar tara ba.

Na uku, asusun taimako da muke ajiyewa don haihuwa da rasuwa da gobara, yanzu ya haɗa da kuɗin motar kai mai irin wannan ciwo Dakoro, ita da mai rakiya.

Na huɗu, su ma masu sauraren suna da wadda za su sauke wa nauyi, ba tare da kama suna ba. Mai ɗaukar kayan mutane kullum, in ba ta sauke ba, ita ma wuyanta zai ƙage.

Na biyar, muna roƙon masu horar da ƙungiyoyi da shugabannin lafiya na gunduma, kamar yadda aka koya mana riƙon littafi da lissafin riba, a koya wa mata biyu a kowace ƙungiya wannan aiki na saurare. Hukumar Lafiya ta Duniya na da tsare-tsaren horo da aka shirya musamman don waɗanda ba likitoci ba, wani ma zama biyar ne kacal ake yi da mai damuwa. In ƙungiyoyin Birnin Lalle da Kornaka da Sabon Mashi da Ɗan Gulbi suka haɗa baki suka nema, muryar za ta fi tamu mu kaɗai ƙarfi.

Ranar 10 ga Oktoba ta kowace shekara ita ce ranar lafiyar ƙwaƙwalwa ta duniya. Muna ba da shawara kowace ƙungiya ta ware rabin awa a taron makon, bayan an rufe akwati, a karanta wannan takarda ga waɗanda ba su iya karatu ba, a tattauna wa za a zaɓa. Ku aiko mana da yadda kuka yi a fitowa ta gaba, ba tare da sunan kowa ba. Ciwon ƴa mace na ƴa mace ne.

Allah ya yaye wa duk mai damuwa damuwarta, ya zaunar da gidajenmu lafiya, ya shirya mana zuri'a. Amin.

Daga ƴan'uwanku, matan asusu na Birnin Lalle.